Ranar da Na Rufe wa Baffanka Ruwa

Rimawa, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar ga ta iske ka lafiya a gidan gwaggonka can Sakkwato, kai da ita da iyalinta. Allah shi tsare ka a zaune, shi tsare ka a tafe, shi kai ka inda za ka, shi maido ka gida da ƙafafunka da hankalinka. Uwarka tana gaishe ka, tana sa maka albarka.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya cikin aljihunka. Sau uku na ɗauki wayar jiya ina ajewa. Na san halina. Da na ji ka ce "Na'am, Baba," muryar saje za ta taso mini, in tambaye ka ko ka yi aski, ko takardunka sun cika, in kashe. Haka na yi maka shekaranjiya a tasha. Ɗana za shi aikin soja, ni kuwa iyakar abin da na iya shi ne in buɗe jakarka in duba ko ka naɗe kaya daidai. Ko hannunka ban riƙe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, tunda alƙalami ba shi da tsawa.

Ka ce motarku ta zuwa wurin horo sai Litinin. Saura kwana huɗu ke nan, kuma akwai abin da nake so ka sani kafin su ƙare. Baffanka Ummaru shina kwance, jikin ya yi nauyi. Kai kuwa ka tafi ba ka yi mashi sallama ba, don ni na hana ka shiga gidanshi yau shekara shida. Zan zo kan wannan. Amma bari in faro daga baya, don ba rana ɗaya na zama haka ba.

Shekara ashirin da biyu na yi cikin kaki. In na ce maka aikin banza ne na yi ƙarya. Shi ya ciyar da ku, shi ya koya mini tashi kan lokaci, ya cire mini tsoron abubuwa da yawa. Sai dai akwai abin da yake karɓewa daga wurin mutum, kuma ba a sanar da kai ranar da anka karɓe. Watannin farko za su aske maka kai, su ba ka lamba, su raba ka da cewa "ni". Mutum ɗaya ya makara, duk sashenku za ku sha gwale-gwale cikin rana, har ku tsani wanda ya makara fiye da wanda ke horon ku. Da gangan ake yi, kuma da dalili, don ranar da wuta ta buɗe ba a son kowa ya tsaya tunanin kanshi. Abin da ban sani ba, wanga hali zai biyo ni har zauren gidanmu.

Hutuna na farko na sauka nan da kakina fes, takalmi na ƙyalli. Kakanka, Allah shi jiƙan shi, shina zaune zaure da dattawan unguwa. Ni da tun ina yaro ba na wuce su sai na durƙusa, sai ga ni na taka tabarma da takalmi, na tsaya ƙyam a kansu, na ce, "Sannunku." Kakanka ya dubi takalmin, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Garba, lahiya? Sammaci ka kawo muna?" Dattawa sunka fashe da dariya. Ka san mi na ji a raina? Ba kunya ba. Cewa na yi cikin zuciyata, farar hula, mi sunka sani. Ubana ke nan fa.

Wagga kalma ta farar hula, Nasiru, za ka ji ta safe da rana har ta zauna maka a baki, kuma ba a faɗin ta sai da ɗan raini. Duk sanda ta zo maka, ka tuna uwarka farar hula ce. Limamin da ya raɗa maka suna farar hula ne. In ka zo hutu ka tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ka durƙusa, ka ci tuwo a hankali tare da mutane. Ni na shekara ina cinye nawa cikin minti uku in miƙe in bar su zaune, ina ganin su ne masu nawa.

Ba zan ɓoye maka daɗin abin ba, don shi ne tarkon. Za ka samu 'yan'uwa da ba uwa ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, ba ma addini ɗaya ba. Nawa shi ne Bulus. Shekara takwas muna sashe ɗaya. In lokacin salla ya yi muna daji, shi ke tsayawa da bindiga a bayana har in sallame. Ranar da harsashi ya same ni a cinya, shi ya goya ni ya haye rafi da ni, ruwa har ƙirji, shina zagina duk hanya wai na cika nauyi, tuwon Sakkwato ya yi mini yawa. Ya rasu da daɗewa, amma har yau in na ji an kira mai sunanshi a kasuwa sai na waiwaya. In Allah ya ba ka irin Bulus, ka riƙe shi hannu biyu. Sai dai ka lura, yadda kake ƙara son na cikin sashenku, haka na waje ke ƙara zama ba kowa ba a idonka.

Ga misali, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarka. An taɓa aje mu, mu biyar, shingen bincike kan wata hanya can kudu. Da rana tsaka wata babbar mota mai ɗauke da albasa ta ɗan gota shingen kafin ta tsaya. Munka sauke kowa, direba da duk wanda ke bisa kaya, munka ce su yi tsallen kwaɗo. Ba wanda ya ba mu wagga oda, zafi ne da gajiya da neman abin dariya. Cikinsu akwai wani dattijo mai furfura, ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi niy yi? Ni albasata nika rakiya." Da jin bakinshi na san mutumin wajenmu ne, ko Wurno ko kusa da nan. Amma abokaina suna kallo suna dariya, sai na ƙi amsa mashi da Hausa, na daka mashi tsawa da Turancin bariki kamar ban ji abin da ya ce ba. Ya kama kunnuwa, ya yi tsalle uku, ya faɗi gefe, hularshi ta gangara cikin kwata.

Motar ta wuce. Can Bulus ya ce, "Garba, tsohon nan ya kai ubanka. Na zaci za ka hana." Wani ya ce shi ma bai so ba. Ashe mu biyar ɗin nan, kowa jira yake wani ya ce a bari, kuma kowa na dariya don kada a ce shi ne mai taushin zuciya. Ka ji yadda taron maza ke aikata abin da ko ɗaya cikinsu bai so ba. Ba na ce ka yi gardama da na gaba da kai a bakin aiki ba, wannan zai kashe ka ya kashe wasu. Amma mafi yawan muguntar da na gani ba oda ba ce, wasa ne da babu wanda ya yi ƙarfin halin tsayar da shi. In ka tsinci kanka a irin wurin, ka zama mai cewa a bari. Za su yi maka tsiya kwana biyu, shi ke nan.

To, yanzu maganar baffanka.

Ka sani, amma bari in faɗa da bakina, don ban taɓa faɗa ba. Shekara tara da nake yawo daga wagga bataliya zuwa waccan, Ummaru ne ubanka. Shi ya kai ka makaranta, shi ya koya maka riƙon fartanya, shi ya ɗauke ka a kafaɗa zuwa asibitin Goronyo lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da kai. Ni hoto nake aikowa. Da na yi ritaya na dawo, na iske ka ɗan shekara goma sha uku kana kiran shi kafin ka kira ni. Abin ya ci mini rai, ban dai nuna ba.

Shekara biyu da dawowata manoman rani na fadamarmu sunka naɗa ni shugaban ruwa. Sunka ce Saje ba shi da wasa, zai gyara rabo. Lokacin kana yaro, ba lalle ka san yadda tsarin yake ba. Ruwan da ke zuwa daga dam ta babbar magudana ana raba shi layi-layi, kowane layi da ranarshi guda a mako, makullin ƙofar ruwa kuwa a hannun shugaba. Kafin a fara ban-ruwa sosai ana gayyar yashe magudana, kowane layi da yankin da zai yashe. Tun kakanninmu ba a kiran suna a wagga gayya. Mutane kan duba su ga wa ya zo, wa bai zo ba, kuma sun san dalili. Wanda anka yi wa rasuwa, 'yan layinshi su yashe rabonshi, ba mai ɗaga maganar, don kunya ce a tambayi mai makoki ina yake. Ni na ga wannan sakarci ne. Na kawo kiran suna da hantsi kamar pareti, na kafa doka: layin da bai cika ba ya rasa ranar ruwanshi ta wannan mako. Sunka yi shiru, na ɗauka sun yarda.

Ranar gayya ta zo daidai da rasuwar surukin Ummaru a Tursa. Ummaru ya tafi can tun asuba da matarshi Asabe. Na sani sarai, gabana anka kawo saƙon. Na tsaya bakin magudana na kira suna, layinsu mutum bakwai, shida sunka amsa. Malam Isa, wanda ya girme ni da shekara ashirin, ya matso da laka har gwiwa ya ce, "Saje, ai mun yashe nashi. Je ka gani, ya hi na kowa kyau." Na ce ni ba aiki na tambaya ba, mutum na tambaya. Ya ce, "Mutumin ga makoki shikai, kuma ƙanenka na." Wannan kalma ta ƙanenka ita ta ƙarasa ni. A bariki an koya mini cewa shugaban da ya sassauta wa nashi ya gama lalacewa. Na ga idanu a kaina, na ce a raina yau za su san Saje ba shi da ɗan'uwa a bakin doka. Ranar ruwansu ta zo, na bar ƙofar a kulle, na sa makulli aljihu na tafi masallaci.

Kwanan albasarsu huɗu da dashe. Kai manomi ne, ka san abin da mako biyu ba ruwa ke yi wa sabon dashe cikin zafin nan namu. Sun yi ta jido da jarka da bokiti, su da matansu, amma ina! Fangali bayan fangali ya ƙone ya kwanta. Gida bakwai sunka rasa noman shekara, shida cikinsu sun zo gayya sun yi aikinsu har da na wani.

Ummaru ya dawo bayan addu'ar bakwai, ya zaga gonarshi, ya iske ni bakin kasuwa cikin mutane. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, surukina na je bisnewa." Na ce mashi ba a kawo uzuri bayan pareti. Wallahi haka na ce, ga ƙanena, a gaban masu sayar da kifi. Ya daɗe shina kallona, sannan ya ce, "Kai har yau ba ka dawo ba, Yaya. Kaya kaɗai anka aiko muna." Wani ya yi dariya daga baya. Na dawo gida, na tara ku tsakar gida, na ce daga yau ba mai sake taka gidan Ummaru, ba mai cin abincin gidanshi. Uwarka ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Kai kana tsaye jikin rumbu, ka ce, "To, Baba."

Manoma ba su tsige ni ba, ba haka suke yi ba. Shekara ta zagayo, sai kawai na ji an yi gayya ba a gaya mini rana ba. An sa sabon kwaɗo a ƙofar ruwa. Nawa makullin yana nan cikin akwati, ba ya buɗe komi. Malam Isa ya ci gaba da gaishe ni har ya rasu, gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙo.

Na san ban kyauta ba tun ranar da na ga gonakin. Kada ka zaci shekara shida na yi ina ganin ni ke da gaskiya. Abin da ya hana ni, a inda na fito ba a janye oda. Na gaba ba ya ce wa na baya "na yi kuskure," sai dai a bar maganar ta tsufa. Na yi ta jira ta tsufa, ita kuwa ba ta tsufa ba, mu ne munka tsufa. Ka koyi faɗin kalmar nan tun kana kurtu, tun bakinka bai ƙage ba. Ranar da anka ɗaura maka igiyar muƙami a hannu za ta yi maka nauyi ninki goma.

Jiya bayan la'asar na je. Ban san abin da ya tashe ni ba, wataƙila ganin ɗakinka a buɗe ba kowa. Na yi sallama, Asabe ta leƙo, ta rufe baki da mayafi ta koma ciki. Na tuɓe takalmi na shiga. Nasiru, baffanka ya ƙare. Ɓarin jikinshi na dama ba ya motsi, baki ya karkace, amma ana jin maganarshi in an matsa kusa. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu, na ce, "Ya jiki?" Ya dube ni da ido ɗaya ya ce, "Yaya, kiran suna ka zo?" Har yanzu da tsiyarshi. Na zauna ƙasa gefen katifa. Na daɗe kafin na iya cewa, "Ummaru, ruwan nan, ban kyauta ba. Ka yafe mini." Ya ce, "Albasa ai an yi wata bayanta. Na yahe tun tuni." Sannan ya ce, "Yaron ya tahi?"

Na ce ka tafi jiya.

Ya ce, "Asabe ta gane shi. Ya tsaya bakin ƙohwa da jaka, ya daɗe tsaye, sannan ya wuce." Ya juya fuskarshi wajen bango. Na zaci ya yi barci, sai na ji ya ce, "Yaro na mai jin magana. Za su ji daɗinshi can."

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Shekara shida ina alfahari da kai kan wannan abu. Ƙanwarka Hadiza ta sha zagayawa ta bayan gida ta kai mashi fura, na sani, na yi kamar ban gani ba, har ma ina jin sanyi a raina. Kai ko sau ɗaya. Kuna haɗuwa masallaci ka gaishe shi daga nesa ka wuce, mutumin da ya goya ka. Ba ka taɓa tambayata dalili ba. Ina cewa abokaina ɗana soja ne tun bai sa kaki ba. Jiya na gane abin da na yi. Na ɗauki yaro mai zuciya na koya mashi ya tsaya bakin ƙofar wanda yake so, ya danne zuciyar, ya wuce don an ce. Yanzu kuma za ka inda za a yaba maka kan haka kullum, a ƙara maka igiya saboda shi. Wannan shi ke ba ni tsoro, fiye da harsashi. Na gaji, Nasiru. Na gaji da zama mutumin da ake miƙewa in ya shigo, a yi shiru har ya fita.

Maganar da na yi tsakar gida na janye ta. Ban yi daidai ba ranar da na faɗe ta, kuma ba a kan daidai ta zauna ba duk shekarun nan.

Na so in rubuta maka "ka dawo gobe." Har na ɗora alƙalami. Na san da ka karanta za ka shiga motar farko, ka iso kafin azahar, ka durƙusa gaban baffanka. Shi ya sa ban rubuta ba. In ka zo don na ce, har yanzu ni ke tafiya da ƙafafunka, kuma Ummaru zai gane, ba yaro ba ne. Abin da zan gaya maka shi ne abin da na gani da idona: motar Goronyo tana tashi kullum, zuwa da komawa bai fi yini ba, horonku wata shida ne ba a fita, kuma ban ga alamar jikin baffanka zai kai wata shida ba. Allah shi ne masani. Ka san komi yanzu. In ka zo, ba sai ka biyo ta wurina ba. In ba ka zo ba, ba zan tambaye ka dalili ba. Karo na farko ke nan da na bar maka magana a hannunka, kuma na san na makara.

Allah shi yi maka jagora. Shi tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, shi tsare bayin Allah daga sharrin hannunka. Shi haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai na gari. Shi ba baffanka sauƙi, shi gafarta wa iyayenmu, shi gafarta mini. Ka gaida gwaggonka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba